Ra'ayinmu: A gyara saƙo kafin a ɗaure kaya

Duk wanda ya je tashar mota ta Tawa bayan an gama girbi ba ya bukatar a ba shi labarin yadda Adar take rayuwa. Samari ne da magidanta, kowa da jakarsa, wasu za su Abijan, wasu Lome ko Kwatano, wasu Kano da Legas, wasu kuwa sun miƙi hanyar Abalak da Agadas za su Libiya ko Aljeriya ko wuraren haƙar zinariya. Daga Ilela zuwa Keita, daga Kalfu zuwa Barmu, da wuya ka shiga gida ka tarar ba su da mutum a waje. Haka muka taso muka iske iyayenmu, kuma da abin da ake aikowa ne gidaje da dama ke kaiwa ga kaka mai zuwa.

Kasuwancinmu ma haka yake a warwatse. Ga Alhaji zaune a shagonsa cikin babbar kasuwar Tawa. Ƙanensa na riƙe da rumfa a Ajame, can Abijan. Ɗan yayarsa na yawon sayen albasa tsakanin Tamaske da Galmi. Direba da yaron mota na bisa hanya da kaya. Uwargida kuma na cikin gida tana sayar da zannuwa da turaren da aka aiko, tana zubin adashe, tana ciyar da yara. Mutum shida ke nan a ƙasa biyu ko uku, amma jarin ɗaya ne, in ya karye kowa zai ji a jikinsa. Abin da ya ɗaure su wuri guda shi ne magana: wa ya ce me, wa ya ji, yaushe ya ji, kuma yaya ya fahimta.

A kan wannan ne muke son jan hankalin ƴan kasuwarmu yau, maza da mata. A ganinmu dukiyar da ke salwanta a Adar saboda saƙon da bai isa ba, ko ya isa a karkace, ko ya isa bayan lokaci, ba ƙarama ba ce. Asara ce da ba a cika kai ƙararta ba, don kuwa tsakanin wa da ƙane take faruwa. Kuɗi ana iya mayar da su, amma zumuncin da ya tsinke a kan lissafi yakan bi ƴaƴa har ya kai ga jikoki.

Tun daga shekarar 2020, lokacin da annobar korona ta tilasta wa ma'aikata a Turai da Amurka da Asiya zaman gida, manyan kamfanonin duniya suka tsinci kansu cikin irin wannan hali. Wasu ma'aikatan na ofis, wasu na aiki daga ɗakunansu, wasu na wata ƙasa mai nisa. Har yau suna kashe kuɗi masu yawa don gano yadda umarni zai isa ga kowa daidai, da yadda na nesa ba zai ga kamar an mance da shi ba. Su a wurinsu sabon abu ne. Mu a nan tsohon zance ne.

Kakanninmu fatake da ke zuwa Gwanja sayen goro sukan yi watanni bisa hanya, amma ayarinsu na da tsari. Madugu ne mai yanke magana. Jagaba na gaba yana duba hanya da zango. Malamin ayari na rubuta wasiƙu yana riƙe da lissafi. In an sauka, fatoma ne ke karɓar baƙo, ya ajiye masa kaya, ya haɗa shi da dillali. Kowa ya san aikinsa, kowa ya san bakin wanda zai bi. Daga baya aka koma aika wasiƙa ta hannun direba, ko da ajami ko da boko. Sai zamanin kaset ya zo: ɗan cin rani ya ɗauki muryarsa a Abijan, ya ba mai zuwa gida, a tara iyali a tsakar gida a kunna. Kaset yakan yi mako biyu ko wata kafin ya iso, amma yana da wata daraja da muka yi sakaci da ita: kowa ya ji abu ɗaya a lokaci ɗaya. In ya ce a ba Inna jika ashirin, a sayi tunkiya da sauran, to uwa ta ji, mata ta ji, ƙane ya ji, babu mai sauya magana.

A shekarar 2001 wayar salula ta shigo Nijar, da kamfanin Celtel, wanda ya koma Zain a 2008, ya kuma koma Airtel a 2010. Ba mai musun alherin da ta kawo. Wata Ba'amurkiya mai bincike, Jenny Aker, ta bi farashin hatsi a kasuwannin ƙasarmu daga 2001 zuwa 2006, ta gano cewa zuwan salula ya rage bambancin farashi tsakanin kasuwanni da kashi 10 zuwa 16 cikin 100. Dalili a fili yake: ɗan kasuwa ya daina hawa mota ya yi tafiyar yini guda don kawai ya ji nawa ake sayar da buhun gero. Daga 2013 kuma WhatsApp ya kawo saƙon murya, wanda ya zo daidai da mu, tun da manyan da suka iya karatu da rubutun boko a ƙasar nan ba su kai huɗu cikin goma ba.

Sai dai sauri daban, fahimta daban. Waya ta mayar da maganar kasuwanci daga tsakar gida zuwa kunnen mutum guda, ba shaida, ba rubutu. Daga nan ne matsaloli suka ɓullo, kuma duk wanda ke kasuwa ya san su.

Ta farko ita ce ƙidaya da awo. Mu a nan da dala muke ƙirga, dala kuwa faran 5 ce, jika kuma faran 1.000. Yaron da ya tashi a Abijan da faran yake ƙirga. In maigida ya ce «dubu goma» yana nufin dala, ya faɗi faran 50.000 ke nan, yaron kuma ya ji faran 10.000. Wanda ke Kano in ya ji «dubu goma» naira ce za ta faɗo masa a rai. Ƴan uwanmu da ke Kamaru da Gabon su ma sefa suke kira, darajar ɗaya ce, amma takardun ba su ne ake karɓa a kasuwar Tawa ba. Haka buhu: na albasa akwai babba akwai ƙarami, tiyar wannan kasuwa kuma ba lalle ta zo daidai da ta waccan ba. Har agogo ma ba ɗaya ba ne. Abijan da Akara da Lome na bayanmu da awa ɗaya, Libiya na gabanmu da awa ɗaya, Dubai da awa uku, Sin da awa bakwai. «Ka kira ni da ƙarfe tara» ba ta wadatar ba sai an ce na ina.

Ta biyu ita ce baki da yawa. Alhaji ya ce wa yaro ya riƙe kaya sai farashi ya tashi. Ƙanen Alhaji ya bugo ya ce a sayar yau don ana bukatar kuɗi. Babban ɗan gida ya aiko saƙon murya da wata magana ta uku. Yaro ya rasa wadda zai bi, ya zaɓi ɗaya, in an yi asara shi ne mai laifi. Ayarin da ke da madugu uku ba ya kaiwa zango.

Ta uku, kuma a ganinmu ita ta fi cin dukiya, ita ce ɓoye mugun labari. Tarbiyyarmu ta koya wa yaro kunyar babba, abu ne mai kyau. Amma in mota ta lalace a hanya da buhunan albasa a cikin zafi, direba ya yi ta cewa «muna nan tafe» har kwana uku don tsoron faɗa, kunyar ta zama ɓarna. Albasa ba ta jira. Da an faɗi gaskiya ranar farko, da an nemi wata mota ko an sayar a kasuwa mafi kusa an tsira da rabi. A nan laifin ba na yaro kaɗai ba ne. Maigidan da ke zagin duk wanda ya kawo masa labarin asara, shi ya koya wa yaransa yi masa ƙarya.

Ta huɗu ita ce ji-ta-ji-ta. Mun gani da idonmu a lokacin canjin naira. A watan Oktoba na 2022 Babban Bankin Najeriya ya ba da sanarwar sauya takardun naira 200 da 500 da 1.000, ya sa wa'adin 31 ga Janairun 2023, ya ƙara zuwa 10 ga Fabrairu, sannan a watan Maris Kotun Ƙoli ta ce tsofaffin takardun su ci gaba da aiki. A tsakanin waɗannan ranaku, saƙonnin murya sun yi ta yawo, kowa da tasa fassarar, kuma wanda ya ji rabin labari ya karyar da kuɗinsa da araha. Haka ma bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, da ƙungiyar CEDEAO ta sa takunkumi ranar 30 ga wata aka rufe iyakokin Najeriya da Benin. Motocin kaya sun yi cirko-cirko a iyakar Benin, har da na albasa masu zuwa Gana. An ɗage takunkumin ranar 24 ga Fabrairun 2024, amma darasin na nan: a irin wannan lokaci gidan da ke da mutum guda mai tantance labari kafin a ɗaga kaya shi ne ke rage asara.

Ta biyar ta shafi iyayenmu mata. Sau da yawa maigida na waje zai kira ƙanensa ko abokinsa ya faɗa masa abin da ya aiko, matar da za ta ciyar da yara kuwa ba ta san ko nawa ba ne, sai abin da aka miƙo mata. Ƴar kasuwar da ta ba da kuɗinta a sayo mata atamfa a Lome ko Kano ba ta jin kome sai ranar da kaya suka iso, a ce mata farashi ya tashi, ba resi ba shaida. Alhali an gwada an gani a nan jaharmu. A 2010, bayan fari, ƙungiyar Concern ta raba tallafin jika 22 kowane wata har wata biyar a ƙauyuka 96 na jahar Tawa, wasu mata suka karɓa hannu da hannu, wasu ta waya. Binciken da aka yi ya nuna gidajen da kuɗin ya shiga wayar matar kai tsaye sun fi cin abinci iri-iri. In labari da kuɗi suka isa ga mai tukunya ba ta hannun wani ba, yara ne ke amfana.

Ta shida ita ce ƴan damfara. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Gidan da ba shi da tsarin magana, wani na iya sace lambar ɗansu, ko ya kira da baƙuwar lamba ya ce an kama shi a Libiya a aiko kuɗi yanzu-yanzu. Yau har na'ura na iya kwaikwayon muryar mutum. Uwa ta ruɗe, ta sayar da akuyarta, ta aika.

To mene ne abin yi? Ba mu kawo wata dabarar da ke bukatar kwamfuta ko digiri ba. Abubuwa ne da kowane gida zai iya farawa daga wannan mako.

Na ɗaya, a tsayar da baki guda. Kowane kaya, kowane shago, a san wanda ke da ikon cewa a saya ko a sayar, a kuma faɗa wa kowa a gaban kowa. In zai yi tafiya ko ba shi da lafiya, ya faɗi wanda ya wakilta da iyakar abin da ya wakilta masa.

Na biyu, a tsayar da rana. Kamar yadda kasuwa ke da ranar cinta, lissafi ma ya sami tasa. Sau ɗaya a mako, bayan sallar Juma'a ko daren Lahadi in an tashi kasuwa, kowa ya faɗi abin da ya saya, abin da ya sayar, bashin da ya bayar da abin da ya rage a hannunsa. Kada a jira sai ɗan cin rani ya dawo da damina a zauna lissafin wata takwas a dare ɗaya, don a nan ne shaiɗan ke shiga.

Na uku, a maimaita. Wanda aka ba umarni ya sake faɗinsa da bakinsa: kaya kaza, buhu kaza, babba ko ƙarami, jika kaza na sefa, rana kaza. Minti ɗaya ne, amma yana tsare miliyan. Kada a cusa maganar kuɗi a tsakiyar saƙon minti goma mai cike da gaisuwa da labarin suna da biki. A yi gaisuwa daban, a yi saƙon kuɗi daban, gajere.

Na huɗu, a dawo da darajar kaset. Maganar da ta shafi jari a yi ta a zauren WhatsApp na gida, inda duk masu hannu a ciki za su ji, har da mata. Zauren kasuwanci kuma a bar shi na kasuwanci, a daina cika shi da hotuna da labaran da ba a san tushensu ba, har saƙo mai muhimmanci ya nutse.

Na biyar, a rubuta. Waya na faɗuwa a ruwa, ana sace ta, tana cika a goge kome. Kaye da bik ba su kai kuɗin kiredin mako guda ba. Wanda bai iya boko ba ya rubuta da ajami, ko ya sa ɗansa ɗan lakkol. A ɗauki hoton resin kuɗin da aka aika ta Nita ko Al Izza ko Amana ko banki, a tura wa mai karɓa da shaida guda. Ba rashin yarda ba ne. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Wanda ya ce ɗan uwansa ya raina shi don ya ce a rubuta, sai ya sake tunani.

Na shida, a buɗe ƙofa ga mugun labari. Maigida ya faɗa wa yaransa ƙarara cewa wanda ya sanar da matsala ranar da ta auku ba shi da laifi, mai laifi shi ne wanda ya ɓoye. Ya kuma riƙa kiran na nesa ba don lissafi kaɗai ba. Yaron da ke kwana a rumfa a Ajame, wanda ba a tuna shi sai za a tambayi kuɗi, ba zai daɗe yana ɗaukar jarin a matsayin nasa ba. A faɗa masa in an yi riba, a faɗa masa rabonsa tun kafin ya tambaya.

Na bakwai, kada a aika ko dala ɗaya a kan kiran gaggawa sai an sake kiran mutumin a lambarsa da aka sani, ko an tambayi wani ɗan gari da ke zaune tare da shi.

Wanda ke ganin wannan tsari ya yi wa ɗan kasuwa nauyi, ya dubi ƙungiyoyin Mata Masu Dubara, waɗanda aka fara a jahar Maraɗi a 1991 da taimakon CARE, suka bazu har ƙauyukanmu. Yawancin matan ba su yi boko ba, amma suna haɗuwa a rana tsayayya, a ƙirga kuɗi a gaban kowa, a faɗi jimla da ƙarfi, kowace ta san wadda ta ci bashi da ranar biya. Da wannan suka riƙe asusu shekara da shekaru. Alhazanmu na da abin koyo a wurinsu.

Akwai kuma nauyin da ke kan hukumomi. Tun watan Maris na 2025 dokar ƙasa ta ɗauki Hausa a matsayin harshen ƙasa. Saboda haka muna kira ga ma'aikatar kasuwanci, da hukumar duwan, da ɗakin shawara na ƴan kasuwa, da magadan gari, da duk wata sanarwa da ta shafi haraji, ko hana fitar da wani kaya, ko rufe hanya, ko sauya takardun wucewa, ta fito da Hausa da Tamajak da Fulatanci a ranar da ta fito da Faransanci, a rediyo da kuma gajeren saƙon murya mai ɗauke da sunan ofishin da ya fitar da ita. Ƙungiyar RECA ta ɗakunan manoma ta nuna abin na yiwuwa, tun da tana amsa tambayoyin manoma ta waya da WhatsApp cikin harsunan gida. Bai kamata ɗan kasuwa ya fara jin sabuwar doka daga bakin jami'i a shingen hanya, kayansa na bisa mota ba.

Kamfanonin waya su ma muna tuna musu cewa Adar ba ta ƙare a Tawa ba. Akwai ƙauyuka da mashekarai a arewa inda mutum sai ya hau tudu ko ya yi tafiya kafin ya sami rezo, alhali daga can dabbobin da ke cika kasuwanninmu ke fitowa. Shugabannin ƴan kasuwa da na ƴan Nijar mazauna Abijan, Lome, Akara da Kano kuwa, ya dace kowace ƙungiya ta naɗa mutum guda sananne wanda ke tantance labarin hanya da na iyaka kafin a yaɗa.

Adarawa sun yi suna a Afirka ta Yamma da juriya da riƙon amana, kuma da amanar nan ce ake ba mutum kayan miliyoyi ba tare da takarda ba. Ba mu ce a yar da ita ba. Cewa muka yi a yi mata shinge, don amanar da ba a tsare ta da magana bayyananniya ba, ƙaramin kuskure na iya rushe ta. Kafin motar gaba ta tashi, kowane maigida ya tambayi kansa: yaran nan sun ji abin da na ce, ko abin da suka zata na ce? Matar gida ta sani? An rubuta?

Allah ya tsare matafiyanmu, ya sa albarka a kasuwa, ya bar zumunci.